Manyan tayoyi da shan mai: wa ke biyan bambancin a hanyoyin Tasawa da Mayahi?



Yau maganar direbobi da masu motoci na kawo, amma fasinja ma ya tsaya ya karanta, don daga aljihunsa kuɗin ke fita. Wani yayi ya shigo tashoshinmu: mutum ya samu Hilux ko Land Cruiser, tun kafin ya juye man inji sai ya kwance tayoyin da ta zo da su, ya ɗaura manya masu faɗi, masu haƙora kamar na tarakta. Mota ta tashi sama, ta yi kwarjini, yara na bin ta da kallo. Bayan wata biyu sai ka ji mai ita yana kuka a majalisa: "Wagga mota shan mai take kamar rijiya nike zuba ma." Ra'ayina a taƙaice shi ne, ga yawancin motocin da ke aikin ƙauyukanmu, babbar taya haraji ce da ake biya kullum a gidan mai. Abin da ake nema gare ta kuwa, wato mota ta wuce rairayi ba ta kafe ba, iskar cikin taya na iya bada mafi yawansa, kusan kyauta.

Bari in fara da yi wa direbobi adalci, don ba duka ne ke yin haka saboda gayu ba. Da ka sauka daga babban godoron da ya ratsa Tasawa da Maijirgi zuwa Damagaram, ko wanda ya taso daga Cadawa ya shiga Mayahi, yawancin hanyoyin da ke kai ka ƙauye jigawa ce zalla. Wanda ya san ƙauyukan Urafan, Isawan, Cake, Gidan Amumun ko Atantane ya san abin da nake faɗa. Akwai ma kwamin guda a ƙasar Mayahi da sunanta kaɗai ya isa gargaɗi ga direba: Mairairai. Manyan motoci da amalanke sun haƙe hanya ta zama kwari biyu da tudu a tsakiya, mota in gajera ce sai cikinta ya hau tudun, ƙafafu na juyawa a banza. Da damina kuma ga ƙoramu da fadamun Gulbin Kaba. Direban da ya taɓa kwana a daji da fasinja ashirin yana tonon yashi da hannu, in ya ce zai ɗaga motarsa, ba ka ce masa mahaukaci ba. Tambayar dai ita ce: nawa wannan ɗagawar ke ci, kuma babu hanya mafi sauƙi?

A da wannan tambaya ba ta dami kowa ba, don man ruwa-ruwa na shigowa daga Najeriya da araha, ana saida shi a kwalba a kowace kusurwa. Tun ranar 29 ga watan Mayu 2023 da Najeriya ta janye tallafin mai, wannan zamanin ya wuce, jama'a suka koma gidajen mai. Muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, amma mun ga layukan da aka yi a watan Maris 2025 lokacin da isansi ya yi wuya. A watan Yuli 2024 gwamnati ta rage farashi, litar isansi ta dawo sefa 499, ta gazwal 618. Ko da wannan ragin, lita guda kuɗi ce. Duk wanda ke ƙona ta a banza, wani ne zai biya.

To ta yaya taya ke shan mai, alhali ba ta da baki?

Na farko, tsayi. Masu ƙera mota sun daidaita inji, giya da girman taya su tafi tare. In ka ƙara wa taya tsayi, kamar ka tilasta wa motar tashi da giyar da ta fi ƙarfinta ne. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke mai giya ya san wannan: in ka sa babbar giya a kan tudu ko cikin yashi, cinyarka ce za ta faɗa maka. Haka inji yake. Direba zai ƙara taka totur, zai daɗe a giya ta biyu inda da ta uku ke wucewa, zai riƙa wasa da kuloci har ya fara wari. Gaskiya ne a kan godoro mai santsi, mota ba kaya, tafiya ɗaya ba tsayawa, doguwar taya na rage wa inji juyi kaɗan. Amma motar kasuwar ƙauye yaushe ta ga irin wannan hutu? Tashi, tsaya, ɗauki buhu, sauke akuya, hau jigawa.

Na biyu, nauyi. Babbar taya da babban ƙarfenta sun fi na asali nauyi, kuma nauyi ne da inji zai juya, ba ɗauka kaɗai ba. Duk tashin da mota za ta yi sai ta biya kuɗin juya shi, sau huɗu.

Na uku, haƙora da faɗi. Tayar da aka rubuta wa M/T a gefe, ta laka ce. An yi ta ne don ƙasashen taɓo, inda ake so haƙora su tono su kama ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashi. A jigawa babu wata ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashi, ƙarin yashi ne kawai. Haƙoran sai su yi ta haƙa wa motar rami. A kan godoro kuma, gurnanin nan da kake ji tun daga nesa, wanda samari ke sha'awa, ƙarar roba ce tana murzuwa, kuma mai ne ke biyan ta.

Na huɗu, iskar da ke bugun mota. Motar da aka ɗaga ta fi tare iska, balle an ɗora kaya a sama. Turjiyar iska ba ta tafiya daidai da gudu: in ka ninka gudu sau biyu, ita sau huɗu take ninkuwa. Shi ya sa direban da ke ta da ƙura tsakanin Tasawa da Maraɗi don ya riga ɗan'uwansa lodi, ribar lodin a gidan mai yake barin ta.

Sai dai kafin mai mota ya ɗora hannu a kai, akwai wani abu da da yawa ba su lura da shi ba: agogon kilomita, kontar ɗin nan da ke gaban direba, ƙarya yake maka tun ranar da ka canza taya. Shi juyin ƙafa yake ƙirgawa, bai san ka canza ta ba. Ga misali da lissafi. Taya 205R16, wadda tsofaffin Hilux da yawa ke zuwa da ita, tsayinta wajen santimita 73 ne, juyi ɗaya tana cin mita 2 da santimita 31. In ka sa 265/75R16, tsayinta santimita 80, juyi ɗaya mita 2 da santimita 53. Bambancin ya kusa kashi 10 cikin 100. Ke nan in kontar ya nuna maka kilomita 400, a gaskiya ka yi wajen 438. In lita 60 ka ƙona, kai za ka lissafa lita 15 a kilomita 100, alhali 13.7 ne. Haka ma allurar gudu: tana nuna 90, kai kana dab da 100. Mai motar da bai san wannan ba, sai ya zargi yaronsa da satar mai. An sha ɓata tsakanin uban gida da direba a kan abin da laifin taya ne.

Saboda haka matakin farko ba na bakanike ba ne, na biro da takarda ne. Ido ba mudu ba ne, duk da ya san kima. Ka cika tanki har baki, ka rubuta lambar kontar. Ka yi aikinka na mako. Ka koma ka sake cikawa har baki, ka rubuta lita nawa ta shiga. Don gyara ƙaryar kontar, ka gwada shi da duwatsun kilomita na bakin babbar hanya, ko da taswirar da ke cikin wayarka: kilomita 10 na gaskiya nawa yake nunawa? Daga nan ka san ainihin abin da motarka ke sha. Wanda bai yi wannan ba, duk gyaran da zai yi lalube ne cikin duhu, kuma masu saida "maganin rage shan mai" na ɗigawa a tanki shi suke jira.

Yanzu ga inda maganar take. Ku dubi raƙumi da jaki in sun shiga jigawa. Kofaton jaki ƙarami ne mai tauri, nutsewa yake. Tafin raƙumi taushi gare shi, in ya taka sai ya baje, nauyin ya rarrabu. Tayar da aka cika da iska tam kofaton jaki ce, komai girmanta. In ka rage mata iska sai ta zama tafin raƙumi: wurin da take taɓa ƙasa ya ƙara tsawo, ta hau kan yashi maimakon ta tura shi gabanta. Tsofaffin direbobin da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Bilma da Dirku sun san wannan tun kafin a haife mu, kuma da yawansu da siririyar doguwar taya 7.50R16 ta Land Cruiser suke wucewa, ba da mai faɗin nan ta talla ba. Motar da ke tafiya saman yashi a giya ta uku ba za ta sha abin da mai haƙa a giya ta ɗaya ke sha ba.

Nawa za a rage? Ya danganta da nauyin kaya da irin taya. Da yawa kan sauko wajen kilo ɗaya da rabi in yashi ya yi laushi. Motar da ta yi lodi sosai ba ta jure saukowa can, kuma taya mai tub a ciki ta fi saurin cizon tub ɗinta. Da ragaggiyar iska ba a gudu, ba a karya kwana da ƙarfi, don taya na iya fita daga bakin ƙarfenta. A kuma kula da kututturan gona da ƙayar aduwa, gefen taya ya fito waje, nan ne ya fi rauni.

Amma ga babban kuskuren da ake yi: a rage iska a ƙauye, a hau godoro haka nan. Taya maras iska a kan kwalta tana lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, tana cin mai, tana ɗaukar zafi. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce maki 40 a inuwa, wannan ba maganar asarar mai ba ce kaɗai, maganar fashewar taya ce da mutane a baya. Wasu kuma don gudun wannan wahalar sai su bar ta tam ko'ina, su shiga yashi su kafe, su ce tayar ce ta yi ƙarama. Maganin duka biyun ma'aunin iska ne da famfo, ko ɗan injin hura iska da ke aiki da batirin mota. Kuɗinsu bai kai na babbar taya ɗaya ba. Adadin iskar da mota ke so a kan godoro yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafinta, kuma da safe ake aunawa, taya na sanyi. Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne.

Bayan iska sai karabo. Motocin nan ba a yi su don su yi ta tafiya da ƙafa huɗu ko'ina ba. H4 da L4 na yashi ne da taɓo. Da ka hau ƙasa mai ƙarfi ka maida H2. In motarka na da makullin nan na tsakiyar ƙafafun gaba, mai rubutun LOCK da FREE, ka sauka ka maida shi FREE, minti ɗaya ne. In ka bar shi a kulle, duk ƙarafan gaba juyawa suke a banza tun daga Mayahi har Maraɗi. Tafiya da karabo a kan godoro kuma na murɗe ƙarafan da ke kai ƙarfi ga ƙafafu, na cinye taya.

Sai abubuwan da kowa ya sani amma ake sakaci da su. Filtar iska a ƙasar ƙura irin tamu, musamman lokacin hunturu da hazo, in ta toshe inji shaƙewa yake, gazwal ya fita baƙin hayaƙi. Baƙin hayaƙin nan kuɗinka ne da bai ƙone ba. Birkin da ke riƙe ƙafa, ƙafafun gaba da suka karkace bayan faɗawa rami, barin inji na aiki awa guda a tasha ana jiran lodi ya cika, tarkacen ƙarafa da ke kwance a bayan mota shekara da shekaru: kowanne na shan rabonsa.

Wanda ya riga ya sayi manyan tayoyi fa? Ba na ce ya zubar ba. Ya yi aiki da abin da na lissafa, ya rage gudu, in sun ƙare ya dawo girman asali ko mataki ɗaya sama da shi, ya zaɓi doguwa siririya mai matsakaitan haƙora, wadda ake rubuta wa A/T. Akwai gyaran da ake yi a ƙasashen da wannan wasa ya yi nisa, irin su Ostareliya da Amurka: a canza haƙoran cikin tukunyar aksul don su dace da sabuwar taya. Yana maido wa mota ƙarfinta, amma dole a canza na gaba da na baya tare, su zama iri ɗaya, kuma kuɗin ba na motar kasuwar ƙauye ba ne. Bai kuma rage nauyin tayar ko turjiyar iska ba.

In za ka sayi ta hannu, wadda aka ci rabinta a Turai, ka duba gefenta. Bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Roba na tsufa ko haƙoranta na nan. Mai hoton dutse da ƙanƙara a jiki kuwa ta lokacin sanyinsu ce, robarta taushi gare ta, zafinmu cinye ta yake. Araha ba ta ado.

Wani zai ce, to malam, motarsa ce, kuɗinsa ne, ina ruwanka? Ruwana shi ne lissafin ba a gidansa yake tsayawa ba. Mu ɗauki misali kawai: motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 ta koma 14. Lita 2 a farashin 618, sefa 1,236 ke nan. In tana zagayen kasuwanni kilomita 500 a mako, 6,180. A shekara ya haura jika 320. Mai mota ba zai cire wannan daga tuwon gidansa ba. Zai ƙara dala ashirin a kan buhun hatsi, ya ƙara a kan tunkiya, ya ƙara a kan tsohuwar da za ta Kanambakashe gaisuwar mutuwa. In ƙarin bai isa ba, sai ya ƙara lodi. Motar da aka ɗaga sama, aka jibga mata buhuna, mutane suka zauna a kan buhunan, ita ce mai saurin kifewa a kwana, kuma babbar taya na ƙara wa birki aiki. Nan ne maganar ta tashi daga kuɗi ta koma rai.

Abin ya fi ciwo in aka zo ga motar ɗaukar marasa lafiya. A ƙauyuka da yawa, in naƙuda ta yi gardama cikin dare, dangi ne ke bin gida-gida suna haɗa kuɗin mai kafin mota ta tashi zuwa babban asibiti. Kowace lita da aka ƙona a banza, wani magidanci ne ya saida akuyarsa da araha. Motar da ta kafe a jigawa don babu ma'aunin iska a cikinta, awa guda ce aka ɗauke wa mace mai zubar da jini.

Don haka ina da kira guda uku, kuma babu wanda ke buƙatar jiran Yamai.

Ga shugabannin sandikar direbobi na Tasawa da Mayahi: ku da kuke iya hana mota lodi in ba ta bi layi ba, kuna iya cewa duk motar da ke shiga daji ta riƙe ma'aunin iska da famfo, kamar yadda take riƙe jak da safaya. Tsofaffin direbobi su zauna da yaran mota su koya masu, don yaron mota na yau shi ne direban gobe.

Ga hukumomin kwamin, da masu kula da motocin likita da na furoje: kowace mota ta samu littafin mai, a rubuta lita da kilomita na gaskiya. Kafin a sa hannu a takardar sayen taya, a tambayi direba da bakanike, a kuma duba girman da masu ƙera motar suka rubuta. Wanda ke kawo kaya, mai tsada zai fi so ya saida maku.

Ga samarinmu masu faci: akwai abinci a bakin hanya, daidai inda yashi ke ƙarewa godoro ya fara. Rumfa, injin hura iska da ma'auni mai gaskiya. Direba ya fito daga ƙauye ya tsaya minti biyar, ya bada ɗan abin da ya sawwaƙa, ya hau hanya da cikakkiyar taya. Ka samu, shi ma ya samu.

Hanyoyi masu kyau su ne maganin gaske, kuma ba za mu daina neman su ba a rediyo da nan. Amma kafin godoro ya iso ƙauyenku, motar nan ce za ta kai hatsi kasuwa ta kai maras lafiya asibiti. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. A nan kam, ta rage mai.

Direbobin da suka daɗe a hanyar Urafan da arewacin Mayahi, kun fi ni sanin yashin nan. Wanda ya gwada cika tanki ya auna kafin da bayan canjin taya, ya kawo mana lambobinsa, ƙananan direbobi su amfana. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.